Wadda ba ta da dala ashirin ta zubi, a bar ta a waje?

Mai riƙon kaye (Bagalam): Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina neman shawara kafin ranar Alhamis, don ran nan za mu zauna. Ni ke riƙe da kaye, wato littafin lissafi, a asusunmu na mata. Mu 25 ne, zubinmu dala 20 kowane mako, sai dala 5 ta akwatin taimako. Mun fasa, mun raba, yanzu za mu buɗe sabon zagaye. To mata 4 na unguwarmu ta Bagalam, nan cikin Maradi, sun zo sun ce a sa su. Biyu mazansu sun rasu, ɗaya mijinta ya tafi cin rani Libiya ba labari, ɗaya kuma daga ƙauye ta taso da ɗiyanta bayan ɓarayi sun kore musu dabbobi. Dukansu aikatau suke yi, surfe da wanki da ɗaukar ruwa. Rabin ƙungiya sun ce a'a, ba za su jure zubi ba, in kuma sun ci bashi ba mai biya. Sauran sun ce in ba don irinsu ba, don wa aka yi asusun? Ni kaina ya rabu biyu. Me kuka gani?

Hajiya mai man gyaɗa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Zan faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi. Asusu ba zakka ba ce. Abin da ke cikin akwatin nan guminku ne, ba wanda ya ba ku shi. Matar da ta samu abin tuwon dare da ƙyar, in kin ce ta kawo dala 25 duk Alhamis, mako uku za ta kawo, na huɗu ta ɓuya a ɗaki don kunya. Sai ku ci ta tara, tara ta hau kan bashin zubi, ƙarshe ta fita da baƙin ciki, ta daina ma gaishe ku a hanya. Na ga haka ba sau ɗaya ba. Kun ƙara mata nauyi ke nan da sunan taimako.

Ɗan Tibiri: Hajiya, da girmanki, amma wannan magana ta yi tsauri. Wato talaka ya zauna da talaucinsa har sai ya yi arziki sannan a karɓe shi?

Hajiya mai man gyaɗa: Ban ce a kore su ba, ƙanena. Na ce ba ta ƙofar zubi za a fara da su ba. Ka jira ka ji.

Tsohon ma'aikacin porje: Bari in sa baki, don wannan gardama ta girmi da yawa daga cikin ƴan zauren nan. Tsarin da kuke bi a nan jihar Maradi aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da sunan Mata Masu Dubara, da hannun wata ƴar ƙasar Norway, Moira Eknes. Kuma ba daga sama ya faɗo ba, daga adashin iyayenmu aka ɗauko shi. Bambancin kawai, a adashi kowa na jiran ranar kwasarta, in ciwo ya zo kafin layinki sai ki yi ta roƙon uwar adashi. A asusu kuwa kuɗɗin suna zaune cikin akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu, ba a buɗewa sai gaban kowa. Mai bukata ta ci bashi ta maido da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a fasa a raba gwargwadon zubin kowa. Babbar dokar ita ce kuɗɗin waje ba sa shiga. Shi ya sa ya daɗe, shi ya sa aka kwafe shi a ƙasashe da dama na Afirka da ma wajenta.

Amma Hajiya ta taɓo wurin da ke ciwo. Tunda mata ne ke zaɓen junansu, wadda aka yarda za ta biya ita ake ɗauka. Mai tuyar ƙosai, mai fura, mai ƴar akuya biyu, mai gamana. Wadda ba ta da komai, ko an kira ta taron ba ta zuwa, don ba ta da zanen fita, don ranar da ta zauna awa biyu a tabarma ranar ba ta yi surfen da za ta ciyar da ɗiya ba. Asusu yana tsare abin da kike da shi ne ya kuma haɓaka shi. Ba ya ƙirƙiro abin da babu.

Malamin lakwal (Tasawa): Ku bar ni in yi lissafi a fili. Dala 20 sau mako 52, jikka 5 da dala 40 ke nan a shekara ga mace ɗaya, tunda jikka ɗaya dala 200 ce. Ku 25, jikka 130. Ba ƙaramin abu ba ne a unguwa. Amma ga wadda ke wanki a biya ta da ragowar tuwo da ɗan abin da ya samu, dala 25 ta ranar Alhamis kuɗin cefanen yini ne. Sannan ku duba bashin. Yawancin ƙungiyoyin da na sani kashi 10 cikin 100 suke ɗorawa a wata: ki ci jikka 5, ki maido jikka 5 da dala 100. Mai sana'ar da kuɗɗinta ke juyawa kullum ba ta jin sa. Wadda za ta ci bashin don sayen hatsi ko magani kuwa, hatsin ya shiga ciki, maganin an sha, daga ina ƙarin zai fito?

Malam na Zariya: To alhamdu lillahi da malamin lakwal ya ambaci ƙarin nan da bakinsa. Ni tambayata ta wuce ta mata huɗu. Jikka 5 ta koma jikka 5 da dala 100 saboda wata ya zagayo, mene ne sunan wannan in ba riba ba? Ina jin tsoron mu ja bayin Allah da ke cikin wahala mu tsoma su cikin abin da Allah ya haramta.

Ɗan Tibiri: Allah gafarta Malam, ai ƙarin ba aljihun wani attajiri yake shiga ba. Cikin akwati yake komawa, ran fasawa ita ma mai biyan tana da rabonta a ciki.

Malam na Zariya: Tana da rabo, amma ba ita kaɗai ba. Wadda ba ta taɓa cin bashi ba ita ma tana kwasa daga ƙarin da mai bukata ta biya. A nan matsalar take, kuma malamai da yawa a kan haka suka tsaya. Ban zo rushe asusu ba, matata tana cikin wani. Abin da suka yi shi ne suka daina ba da kuɗi da ƙari. Mai son gyaɗa, ƙungiya ta sayo buhun da kuɗinta, ya zama nata, sannan ta sayar mata da shi bashi a kan farashin da aka yanka tun farko, ba ya ƙaruwa ko ta yi jinkiri. Wannan ciniki ne. Mai ciwo ko haihuwa kuwa rance ake ba ta, ta maido daidai abin da ta karɓa. Kuma a kaka ƙungiyar kan sayi hatsi da wake ta ajiye, ta sayar in sun yi daraja. Ran fasawa ba su fita da hannu wofi ba.

Hajiya mai man gyaɗa: Malam ya yi gaskiya, namu ma haka muka koma. Sai dai a sani ya fi wahala. Sai an samu mata biyu masu amana da za su je kasuwa, sai an samu ɗakin ajiya da ƙwari ba sa shiga, wake kuwa in ba a sa shi cikin buhun nan mai leda biyu a ciki ba, gari za ku tarar.

Ƴar Gidan Rumji: Ina karantawa tun ɗazu. Akwai abin da ba wanda ya faɗa, kuma mu mata mun san shi. Sau nawa mace ke cin bashi da sunanta, kafin ta kai gida maigida ya miƙo hannu? Wai zai ƙara a jari, wai zai yi kuɗin mota zuwa cin rani, in ya dawo zai biya. Ran biya ita ake kira gaban mata, ita ke sayar da kwanonin aurenta. Matan nan huɗu na Bagalam ta wannan gefen sun fi wasu masu miji sauƙi, don abin da suka samu hannunsu zai tsaya. Kar ku raina su. Macen da ke ciyar da ɗiya biyar da surfe ta fi kowa sanin darajar dala.

Direban Ɗan Isa: Yaya, kar a yi mana kuɗin goro. Akwai mazan da ke ba matansu kuɗin zubi daga aljihunsu.

Ƴar Gidan Rumji: Akwai su, Allah ya ƙara mana irinsu. Amma ka tambayi duk mai riƙe da kaye ta gaya maka bashin da ya fi wuyar dawowa na wa ne.

Tsohon ma'aikacin porje: Ku dawo kan tambayar. Abin da Hajiya ke nufi da wata ƙofa, an gwada shi kuma an auna. Ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta lura cewa bashin ƙananan sana'o'i ba ya kaiwa ga na can ƙasa, sai a 2002 ta fito da wani tsari: a ba gida abin jari kyauta, yawanci dabba, a ba su ɗan abin ci na wasu watanni don kar yunwa ta sa su sayar da dabbar, a koya musu sana'ar, wani ya riƙa leƙa su kowane mako, sannan a sa su ajiya. An gwada shi a ƙasashe 6, ciki har da Gana da Habasha, sakamakon ya fito a 2015.

A nan Nijar ma an yi makamancinsa ƙarƙashin shirin tallafin gwamnati da Bankin Duniya ke marawa baya, wanda a lokacin yake ba gidaje jikka 10 a wata har shekara biyu, kuma jiharmu na ciki. An haɗa matan cikin asusu, aka koya musu sana'a, aka sa mai bibiyarsu. Wasu aka ƙara musu jikka 80 a dunƙule. Wasu ba a ba su jikka 80 ɗin ba, sai aka tara garin duka, maza da dattawa, aka nuna majigi aka tattauna kan sana'ar mata, su kuma matan aka yi musu horo kan tsara buri da iya magana da yanke shawara. Wasu aka haɗa musu duka biyun. Binciken ya fito a mujallar Nature a 2022. Duka rukunan sun samu ƙaruwar abin shiga da abin ci, kuma abin da ya ba mutane mamaki, rukunin da ba a ba jikka 80 ba shi ya fi biyan kuɗin da aka kashe a kansa. Ku lura dai, dukansu suna karɓar tallafin wata-wata a lokacin. Wato cikinsu ba wofi yake ba sa'ad da aka ce su yi zubi.

Ɗan Tibiri: To Baba, mu a Bagalam ina za mu samo Bankin Duniya kafin Alhamis?

Tsohon ma'aikacin porje: Ba za ku samo ba, kuma kar ku jira shi. Darasin shi ne jerin abubuwan: ciki tukuna, sannan abin juyawa, sannan zubi, bashi a ƙarshe. Da kuma mutumin da zai tsaya kusa da ita. Unguwa na iya yin ƙaramin wannan da kanta.

Makiyayi (Madarumfa): Mu abin da muka gada habbanaye ne. Ka ba ɗan'uwanka uwar dabba ya riƙa, ta haihu, ƴaƴan nasa, uwar ta dawo maka ko ta wuce ga wani. Ba ruwa, ba tara. Kuma Allah ya ba mu jar akuyar Maradi, mai yawan tagwaye, mai nono, fatarta ma ana nema. In cikin ku 25 akwai masu awaki, mace biyu su ba da aron uwa ɗaya ɗaya, an gama da mutum biyu. Amma in faɗi abin da ke raina. A ƙauyukanmu na bakin iyaka yanzu dabba ta zama abin tsoro, don ita ke jawo ɓarayi cikin dare. A cikin gari kuma matsalar abinci ce. Daga watan uku zuwa saukar ruwa, harawa da dusa sai da kuɗi. Matar da ke haya a ɗaki ɗaya, ina za ta ɗaure akuya, me za ta ba ta? Ku dubi kowace da halinta. Wadda ta taso daga ƙauye ta san kiwo, ita a ba ta. Kuma a kai akuyar allurar rigakafi in masu dabbobi sun zagayo, don in ta mutu a hannun mai aro, zumuncin ma yana iya mutuwa.

Mai shago a Kadro: Nawa ƙorafin a kan sana'ar ne kanta. Duk wadda ta ci bashi, ƙosai. Ta biyu, ƙosai ko awara. Layi ɗaya kasko shida, masu saye su ne dai mutanen jiya. Ba jari ne kaɗai ya yi ƙaranci ba, masu saye ma sun yi. Kuma ku tuna garin nan da iyaka yake numfashi. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, har ƙarshen 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka sa mana takunkumi, kowa ya ga yadda hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, kaya suka yi tsada, ciniki ya tsaya. Ga faɗuwar naira, wadda ta sa mai kai kaya Katsina ya dawo da takarda mai yawa marar nauyi. Ƙananan masu sana'a su suka fara karyewa. Don haka kafin a ce wa mace ga jari, a tambaya wa zai saya.

Hajiya mai man gyaɗa: Yauwa, yanzu aka zo inda nake jira. Ɗiyata mai kaye, ki saurara. Mace ba ta fara sana'a da bashi, da hannu take farawa. Ni ina sayen gyaɗa, a soya, a kai inji, a matse. Wanda bai san aikin ba yana zaton a mai ake samu. Man da ƙyar yake maido kuɗin gyaɗa da na inji da na itace, balle ga man jarka na waje da ya cika kasuwa. Abin da ke saura a hannu daga ƙuli-ƙuli yake fitowa. Kuma kullum ina neman hannu: mai gyara, mai suya, mai murzawa, mai kaiwa tasha. Ki turo mini biyu daga cikinsu. In biya su aikinsu, sannan in ba su ƙuli a kan farashin sari ba tare da sun ba ni ko tamma ba, su sayar su kawo uwar kuɗi da yamma, abin da ya hau nasu ne. Wanda bai sayu ba su maido mini. Ta haka ba bashi a wuyansu. In sun yi wata biyu suna haka, dala 20 ta Alhamis ba za ta gagare su ba.

Ƴar Gidan Rumji: Allah ya saka da alheri Hajiya. Roƙona ɗaya, su da kansu za su yi tallan, ba ɗiyansu mata ba. Kar a fitar da yarinya daga lakwal a ɗora mata tire don uwa ta samu na zubi.

Hajiya mai man gyaɗa: Wannan sharaɗina ne tun kafin ki faɗa. Shaguna da tasha za su kai, da ƙafarsu.

Mai riƙon kaye (Bagalam): Na gode ƙwarai, Inna Hajiya, zan zo gida da kaina gobe bayan la'asar. Ga abin da nake tunanin kaiwa gaban mata. A karɓe su huɗun, amma da rabin hannu, dala 10, rabonsu ran fasawa gwargwadon haka. Ba tara a kansu in sun rasa. Ba cin bashin sana'a sai bayan wata uku. Akwatin taimako kuwa ya rufe su tun ranar farko, ciwo ko rasuwa. Maganar Malam ma zan kai, don akwai mata uku da suka daɗe suna ƙorafi a kan ƙarin.

Malamin lakwal (Tasawa): Tsarin ya yi, sai wuri ɗaya. In kin ɗauke musu tara su kaɗai, wata cikin tsofaffin za ta ce ita ma ba ta da shi wannan makon, kuma ba ki da bakin hana ta. Dokar da ta bambanta mutane ita ke fasa ƙungiya. Gara a rubuta cewa duk mai rabin hannu, ko wace ce, tana da uzurin mako biyu a zagaye. Sai ya zama na kowa.

Mai riƙon kaye (Bagalam): Haka ne Malam, na rubuta.

Ɗan Tibiri: Ni har yanzu ina ganin wata ukun nan ya yi yawa. Mai bukata yau take bukata.

Tsohon ma'aikacin porje: Bukatar yau akwatin taimako ne maganinta, shi ya sa ta ce ya rufe su tun farko. Ni abin da zan ƙara shi ne lokacin fasawa. Ƙungiyoyi da yawa gab da salla suke fasawa, kuɗɗin shekara guda su tafi a atamfa da takalman yara cikin mako ɗaya. Ban ce kar yara su yi ado ba. Amma wanda ya ga yunwar 2005 a garin nan, ya ga iyaye mata a layi da ɗiyansu a cibiyoyin tamowa, ya san watannin da ke kashe gida: daga shuka zuwa fitar sabon hatsi. Lokacin rumbu ya ƙare, tiya ta yi tsada, namiji ya bar gonarsa ya tafi barema a gonar wani, ko ya ci bashin hatsi da zai biya ninki a kaka. In asusu ya fashe a watan biyar ko na shida, kuɗɗin za su zama iri da taki da abinci.

Hajiya mai man gyaɗa: A nan kam ban bi ka ba, Alhaji. Watan biyar tiya ta riga ta hau. Kuɗɗin da za a raba a lokacin, rabin hatsi za su saya. Mu a kaka muke fitar da kaso mu sayi hatsi yana araha, mu kulle a ɗaki da kwaɗo biyu, in bazara ta yi mu raba shi tiya-tiya. Hatsi ake rabawa, ba takarda ba, kuma hatsi maigida ba ya sa shi aljihu ya tafi tasha.

Tsohon ma'aikacin porje: In akwai ɗakin ajiya mai kyau, naki ya fi nawa. Amma shekarar da farashi bai hau ba, ko gwamnati ta fito da hatsi mai rahusa, sai ku shirya jin ƙorafi.

Hajiya mai man gyaɗa: Ko bai hau ba ai ci za a yi. Mai kaye, in za ki zo gobe ki taho da su biyun, kuma kowace ta zo da roba mai murfi, don ƙuli ba ya son iska.